Katifa Ɗaya, Tsofaffi Biyu

Tela ba ta taɓa ƙaunar Makaniki ba, shi ma bai taɓa ɓoye cewa ganinta yana ɓata masa safiya ba. Duk da haka kullum sai sun yi kiciɓis a kan kwalbatin da ya raba layinsu, ita da bokiti da soso ta nufi gidansa, shi da tawul a kafaɗa ya nufi nata. Gaisuwar ma a ciki-ciki ake yin ta, kowa yana kallon wani gefe.

Tsofaffi ne suka haɗa su. Mahaifin Tela, tsohon direban babbar mota, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗakin da ke bayan shagon ɗinkinta. Ranar da ta fara kai hannu za ta cire masa wando ta wanke shi, da hannun nan ɗaya da ya rage masa ya ture ta, ya ce gara ya ruɓe a inda yake. Mahaifiyar Makaniki kuwa faɗuwa ta yi a banɗaki ta karye a ƙugu, ƙashin ya ƙi kamawa, ita ma ta rantse ɗan da ta haifa ba zai ga tsiraicinta ba tana da rai. Yayyen Tela maza suna can nesa, gaisuwa suke aikowa ta waya, ita ma ba kullum ba. Matar Makaniki ta ɗan taɓa jinyar, ta ce ba don wannan aka auro ta ba, ta haɗa kayanta.

Ba su kaɗai ke cikin wannan hali a unguwar ba, shi ya sa aka kafa ƙungiya, in dai za a kira ta ƙungiya. Musaya ce kawai: ki wanke min uwa, in wanke miki uba. Gida biyu-biyu aka haɗa, ba wanda aka tambaya wa yake so. Ofis ma babu, sai wani aji da Sakatare, tsohon malamin makaranta mai son rubutu kamar ransa, yake aro musu in ɗalibai sun tashi.

Tela tana da ƙorafi cike da ciki. Makaniki yana bar mata baƙin mai a tawul, yana jiƙa ɗaki sai ka ce ambaliya, ga warin fetur da yake shigo mata da shi cikin yadudduka. Shi kuma bai manta ranar da ta tsaya a ƙofar gareji, gaban masu motoci, ta ce zanen gadon uwarsa ya manta kamannin ruwa. Amma gaskiya ɗaya ce, a kan aiki ba wanda ya taɓa samun ɗayansu da ha'inci. Yana ɗaga Baba, mahaifin nata, cak, ya wanke shi tas, ya aske shi, suna hirar injin mota. Ita kuma tana yi wa Inna, mahaifiyar tasa, wanka, ta shafa mata mai, ta tsefe mata kai, tsohuwar tana kiranta ɗiyata.

Da kwanciyar ta yi tsawo, gyambo ya fito wa Baba a ƙasan baya. Tela ba ta taɓa ganinsa ba, don ba ya bari. Warinsa take ji in ta kai masa abinci, tana ganin shaidarsa a zanen gado, tana jin nishin tsohon ta bayan bango in ta tsayar da keke. Makaniki ne ya gaya mata girmansa, ba tare da ya tausasa harshe ba.

"Ya kai tafin hannuna," ya ce. "Kuma ci yake yi. Katifar nan taku ta zama katako."

"Sai ka saya masa sabuwa, tunda kai ka gano."

"Tawa uwar ma a kan irinta take, bayanta ya fara ja. Ni dai na faɗa miki."

Ana cikin haka Sakatare ya kira taro, bakinsa har kunne. Ashe ya daɗe yana rubuta wa wata gidauniya mai tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin sa-kai, kuma an amsa. Jami'ar gidauniyar ta zo da kanta, matashiya mai natsuwa, ta gaida kowa da ladabi. Ta ce duk majinyacin da aka yi wa rajista zai samu katifar iska, irin wadda ɗan inji yake hurawa yana sassautawa don kada jiki ya danne wuri ɗaya. Nas za ta riƙa zuwa kowane mako ta wanke ciwo. Ga magani, ga bandeji, ga safar hannu. Tela ta ji hawaye na neman zubo mata, ta yi maza ta duƙa kamar tana gyara takalmi.

Sai jami'ar ta zo kan sharuɗɗa. Na farko, kowane ɗan sa-kai majinyaci ɗaya za a rubuta masa, majinyacin da ba shi da ɗan sa-kai ba ya cikin tallafi. Na biyu, ba za a yi wa kowa rajista ba in ɗansa ko ɗan'uwansa yana cikin 'yan sa-kan ƙungiyar.

Wata mai wankau da ke zaune a baya ta ce, "Ban gane ba. Ai duk iyayenmu ne."

Jami'ar ta juya ta dubi Sakatare. Shi kuma ya cire tabarau ya shiga gogewa. A duk dogon bayanin da ya aika, "tsofaffin unguwa" ya yi ta rubutawa. Bai ɓoye komai ba, a ganinsa. Abin ne ya zame masa jiki har bai ga wani abin faɗa a ciki ba. Wa zai tashi da sassafe ya ɗauki fo ɗin tsohon da bai haɗa komai da shi ba, in ba don wani yana can yana ɗaukar na nasa ba?

Nan wuri ya yamutse. Jami'ar ta bari aka yi ihun aka gaji, sannan ta ce ta fahimce su, amma ba ita ta kafa dokar ba, kuma dokar ba banza ta zo ba. Sun sha ganin mutane sun rubuta suna a matsayin 'yan sa-kai, sun kwashe kaya sun kai gidajensu, an bar marasa gata a ƙasa. Za ta kai maganarsu sama, amma kada su sa rai. In suna so, su nemo 'yan sa-kai daga waje.

"An nemo," in ji mai wankau. "Waɗanda suka zo bara, daga ganin fo ba su ƙara waiwayo mu ba."

Tela ba ta sa baki ba, kanta ne ke aiki. Mai yanka yadi ba a koya mata lissafin abin da zai isa da wanda ba zai isa ba. In ita da Makaniki duk suka zauna a ƙungiya, ba Baba ba Inna. In duk suka fita, ba mai ɗan sa-kai, nan ma ba kowa. In ɗaya ya fita ɗaya ya zauna, tsohon wanda ya fita shi ne zai samu. Katifa ɗaya ce tsakanin gida biyu, kuma ta wanda ya riga cire sunansa ce.

A bakin ƙofar makarantar, Makaniki ya tare ta, karo na farko da ya taɓa tsayar da ita a hanya don magana.

"Kin ga dai yadda abin yake," ya ce. "Kada kowa ya taɓa sunansa. Mu tsaya wuri ɗaya, ko su ba mu duka ko su kwashe kayansu. In muka dake za su sassauta."

"Na ji."

"Na ji ba amsa ba ce."

"To me kake so, in yi maka rantsuwa? Na ce na ji."

Washegari da ta cire zanen gadon Baba bayan Makaniki ya tafi, sai da ta zauna a bakin baho. Tabon ya fi na jiya faɗi, kuma launinsa ya sauya. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta shanya. Ta koma kan keke ta ɓata hannun rigar mutane har sau biyu. Can ta ji tsohon yana kiran sunan Allah a hankali, irin kiran wanda ba ya so a ji. Da azahar ta rufe shago ta nufi gidan Sakatare.

Ta same shi a ƙofar gida yana shan iska. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya sauke ajiyar zuciya, don in ba wanda ya motsa tallafin zai koma inda ya fito, wahalarsa ta tashi a banza. Amma halin malanta bai bar shi ya yi shiru ba.

"Kin gaya wa Makaniki?"

"Kai ka gaya musu iyayenmu ne?"

Ya sha mur. "Ni kuskure na yi. Ke kuwa kina sane."

"Malam, ba wa'azi na zo ji ba. Ka cire sunana, ka rubuta Baba a ƙarƙashin Makaniki. Shi ke masa wanka ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"To ina ƙarya a ciki?"

Babu ƙarya a ciki, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ta dawo gida tana gaya wa kanta cewa da Makaniki ya riga ta tunani da shi ma haka zai yi, cewa bayan Inna ja kawai ya yi bai fashe ba, cewa ita za ta ci gaba da zuwa wa tsohuwar ko da suna ko babu. Duk gaskiya ne. Amma kwanakin da suka biyo baya in sun haɗu a kan kwalbati ita ce mai saurin wucewa.

Ranar da aka kawo katifar da yamma, ma'aikatan gidauniya suka ɗaga Baba suka shimfiɗa masa, suka jona injin, suka ajiye wata riga mai tambari a kan teburin yanka, suka ce ta ɗan sa-kai ce. Da safe Tela ba ta fita da wuri ba. Tana tsaye a shago Makaniki ya shigo da tawul ɗinsa, ya ji ƙarar injin, ya leƙa ɗakin. Ya daɗe a bakin ƙofar kafin ya juyo. Bai ɗaga murya ba, saboda tsohon, amma da ya yi ihu da ya fi mata sauƙi.

"Yaushe?"

"Kwana biyu ke nan."

"Kina wuce ni kullum da bokiti, kina shiga wurin uwata tana ce miki ɗiyata."

"Kai ka ce ciwon ci yake yi. Da bakinka ka faɗa."

"Na faɗa miki don ki sani, ba don ki yanke ni ta baya ba. Ke da almakashinki duk ɗaya ne."

"Ubana ne! In zauna ina jiran ku dake har ƙashinsa ya fito?"

"Ni tawa a bola na tsince ta?"

Ta ɗauki rigar ta miƙa masa don ta rasa abin yi da hannunta. Ya dube ta, ya dubi rigar, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kin san dai yau in na je na cire nawa sunan, gobe za su zo su naɗe katifar nan?"

Wannan ne kaɗai wurin da lissafinta bai kai ba. Amma bakin Tela bai saba ja da baya ba.

"Je ka cire mana. Ƙafarka aka riƙe?"

Daga ciki muryar Baba ta fito, a karkace kamar yadda ciwon ya mayar da ita. "Makaniki, kai ne? Zo ka ga motar da aka saya min, har da inji."

Makaniki ya cije leɓe, ya bar rigar a hannunta, ya ɗauki bokitin ruwan zafi ya shiga. Da ya fito, yana goge hannu, ya ce mata abu ɗaya.

"Kada in ƙara ganin ƙafarki a gidana."

Ta ɗauka zafin rai ne. Washegari ta ɗauki bokiti da soso ta tsallaka kwalbati kamar kullum, ta same shi ya cika bakin ƙofa.

"Matsa in wuce, ruwa zai huce."

"Ai kin daina sa-kai."

"Kada ka huce a kan tsohuwa. Ni na yi maka laifi, ba ita ba. Wa zai yi mata?"

"Wanda ta haifa."

"Ba za ta yarda ba, ka fi kowa sani."

"Za ta koya. Kowa ma yana koyon abin da bai zata ba kwanan nan."

Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya. "Wa ke nan? Ɗiyata ce?"

"Mai tambayar hanya ce, Inna," ya ce, idonsa a kan Tela. Ya ja ƙofar ya rufe.

Ta dawo da ruwanta ta zubar a kwata, tana tsine wa taurin kansa. A ranta ta ce mugu ne, ya gwammace uwarsa ta wulaƙanta da ya bar ta ta wanke laifinta. Kuma ba ta yi ƙarya ba, akwai mugunta a ciki. Sai dai ita ma ta san wanda ya fara.

Unguwa ta ɗauka. Da aka ji Tela ta cire suna, sai kowa ya ruga gidan Sakatare, wanda ya riga ya samu, wanda ya makara ya dawo yana zagi. Mutanen da suka yi shekaru suna shiga ɗakunan juna suka daina gaisawa. Wasu da aka bari da rigar tambari suka yi fushi suka ajiye, aka zo aka naɗe katifun. Mai wankau ta aiko aka karɓe mata yadinta ba a ɗinka ba.

Makaniki bai ajiye ba. Kullum yana zuwa, sai dai yanzu a makare, rana ta ɗaga, hannun rigarsa a jiƙe tun daga gida. Kowace safiya Tela tana zaune kan keke ba ta ɗinka komai, kunnenta a ƙofa, tana cewa yau ce ranar da ba zai zo ba. In ya shigo sai ta ji sanyi a ranta, nan take kuma haushinsa ya taso mata, don ba abin da ya kai ganin alheri daga wanda ka cuta ɗaci. Ba ya ce mata uffan. Da Baba kuwa har dariya suke yi. In tsohon ya tambayi Inna, sai ya ce da sauƙi, tana gaishe ka.

Baba ya fara barci. Warin ya ragu, sannan ya ɗauke. Wata safiya nas ta zo, mace mai jiki da fara'a, ta shiga tare da Makaniki don ya juya mata tsohon. Ta fito tana cire safar hannu, ta ce wa Tela ta gode wa Allah, nama ya fara cikowa, bakin ciwon yana haɗuwa. Ta ƙara da cewa kada a yi gangancin sauke shi daga katifar, irin wannan ciwo yana iya dawowa.

Tana haɗa jakarta Makaniki ya matso, ya rage murya, amma shagon ƙarami ne.

"Malama, in tambaye ki. In ciwo irin wannan ya fashe, gefensa ya yi baƙi, me ake sa masa?"

"Na wa?"

"Na wata tsohuwa."

"Tana cikin rajista?"

"A'a."

Nas ta rufe jakarta. Ta ce kayan da ke jakarta a ƙirge suke, ba ta da ikon kai su wani gida, amma baƙi ba alama ce mai kyau ba, a kai ta asibiti, kuma a nema mata shimfiɗar da ba za ta danne wurin ba. Ta gwada masa yadda zai riƙa juya ta. Ya yi godiya, ta tafi.

Tela ta buɗe kwali ta ɗebo bandeji da auduga ta tura masa a kan tebur.

"Ɗauki."

"Na Baba ne. An rubuta."

"Don Allah ka ɗauka. Ko ka bar ni in je in gan ta."

"Ki gan ta ki yi mata me? Wanka nake yi mata, ba wanka ta rasa ba." Ya rataya tawul a kafaɗa. "Na je wurin Sakatare jiya. Kwantar da hankalinki, ba cirewa na je yi ba, tambaya na yi. Ya ce ana iya juyawa. Ki mayar da sunanki, in cire nawa. Katifar ta koma can, nas ta koma can. Baba ya samu sauƙi, kin ji da kunnenki."

"Ta ce zai iya dawowa."

"Zai iya. Nata kuwa ya riga ya zo."

Tela ta juya ta dubi ƙofar ɗakin, wadda aka bari a buɗe. Baba ya koma barci bayan wanka, bakinsa a sake, hannunsa mai lafiya a kan ƙirji, injin yana ta hucinsa a ƙasan gado. Tana son Inna, wannan ba ƙarya ba ne. Ta san bayan tsohuwar fiye da yadda ta san nata, ta san daidai wurin da ya fara ja. Ta san amsar da ya kamata ta bayar, har ta ji ta a kan harshenta. Makaniki yana tsaye yana jira, bai matsa mata ba.

"Gobe yaushe za ka zo?" ta ce. "In ɗora ruwa."

Ya daɗe yana kallonta. Ba ta ɗaga kai ba.

"Sai na gama da ita," ya ce. "Tana ɗaukar lokaci. Sai ta lulluɓe fuskarta da zane take bari in taɓa ta, kuma ko na gama ba ta buɗewa sai ta ji na fita."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki ɗora ruwan," ya ce.